Raken da Maharazu Bai Sa wa Haƙori Ba

Duk wanda ya ci kasuwar Jibiya a shekarun baya ya san Alhaji Maharazu mai mazarƙwaila. Dogo ne, baƙi, mai ɗan gemu, kullum da wani mayafi ja da shuɗi a kafaɗa wanda ya koɗe har zanensa ya kusa ɓacewa. Mutum ne mai kamun kai, ba ya zaman teburin mai shayi, ba ya dariya da ƙarfi. Amma da zarar ya ga an sauke rake, musamman fari, sai ya tsaya ya zaro kara guda, ya kai baki a tsakiyar kasuwa, a gaban surukai da kowa da kowa, ya ɓantara, ya tauna, ya tofar, ya biya, ya wuce abinsa. Samari suka riƙa cewa taɓin hankali ne. Ka san waɗanda ba su san komai ba sun fi kowa baki. Lafiyarsa ƙalau, wani abu yake nema.

Asalinsu mutanen Gangara ne. Ubansa Malam Ummaru, wanda kowa ke kira Nagoggo, yana da fadama a bakin gulbi, kuma a fadamar akwai wani irin rake da ya gada wajen nasa uban. Fari ne, ɓawonsa ba kauri, ga taushi ga ruwa. Tsohuwa mai haƙora huɗu sai ta ɓare shi ta sha ba tare da ta nemi wuƙa ba. Direbobin da ke hawa Maraɗi, da 'yan duwan, wato kwastan na tsallake, har da jandarmomi masu ɗaure fuska, ba sa cewa a ba su rake, sai dai su ce a ba su na Nagoggo.

To, shi rake ba gero ba ne. Ba shi da ƙwayar da za ka zuba a rumbu ka ce sai baɗi. Irinsa jikinsa ne: ka yanka kara gaɓa-gaɓa, ka binne, idon gaɓar ya tsiro. In shekara guda ta wuce ba ka bar na shuka ba, shi ke nan, an yi sallama. Shi ya sa Nagoggo yake da kusurwa guda a gindin rijiya wadda ba a sayarwa, ba a sha, ko da wa ya zo. Daga nan ake ɗiban iri.

Da aka yi farin nan na saba'in da uku, gulbi ya ƙafe, raken maƙwabta ya bushe a tsaye. Waɗanda a da suka karɓi iri a hannun Nagoggo duk nasu ya tafi, da yawa ma suka watsar da fadamun suka nufi birni. Tsohon nan shi kaɗai ya ƙi. Ya yashe rijiya, ya ƙara yashewa, ya riƙa jan jigo safe da yamma don kusurwar nan kawai, har bayansa ya sage, idanunsa suka fara hazo. Kusurwar ta rayu, shi kuwa bai ƙara miƙewa sosai ba. Babban ɗansa Lado ya riga ya shiga safarar fetur zuwa tsallake, ba ruwansa da laka, don haka Maharazu aka danƙa wa fadama. Abu biyu uban ya ce masa. Ya sayar da duk abin da ya ga dama, ban da gindin rijiya. Kuma karan farko na kowace shekara a kawo masa ya sa haƙori, kamar yadda shi ma yake kai wa nasa uban.

Ana nan sai kuɗin mai ya sauko ƙasar. Wanda jiya yake bisa jaki yau ga shi bisa babur, rediyo a rataye. Sukari mai ƙwaya ya cika kantuna, mai shayi yana jefa shi ba lissafi. Kowa bakinsa kamfani, kamfani. A lokacin akwai wani malamin gona ɗan Pakistan da aka ɗauko aiki yana zagaya fadamu, sunansa Allah Dino, mutumin kirki, yana bin jam'i tare da mutane, Hausarsa a karye amma yana ƙoƙari. Shi ya zo da labarin cewa wani kamfani zai kafa injin sukari a yankin, kuma za a kwashi manoma kaɗan a kai su ƙasarsu su ga yadda ake yi. Ya ce in ba a sa ɗan gidan Nagoggo ba, to wa za a sa?

Maharazu bai taɓa wuce Kano ba. Daga Kano jirgin sama, daga Karachi jirgin ƙasa, har wani gari a ƙasar Sindi da ake kira Tando Allahyar, wanda har ya mutu Tando kawai yake ce masa. Ya ce tun kafin jirgi ya tsaya ya ji ƙamshin ruwan rake da ake dafawa, ya cika gari. Ya ga ruwa yana bin magudanai har cikin gonaki, ba rijiya, ba jigo, ba mai karya bayansa. Ya ga waɗansu baƙaƙen shanu masu kama da ɓauna kwance cikin ruwan sai hanci a waje. Ya ga raƙuma suna jan amalanke shaƙe da rake, sun yi layi har ƙofar masana'anta, hayaƙi yana tashi, a ɗaya gefen kuma farin sukari yana zuba cikin buhuna. Ya tuna ubansa a bakin rijiya, sai ƙwalla ta cika masa ido.

A gidan yayan Allah Dino aka sauke su, wani babban manomi mai zauren baƙi da gadajen igiya. Nan aka yafa wa kowannensu mayafin nan da suke kira ajarak, aka ɗora musu hula mai ƙananan madubai, wadda aka yanke gabanta. Maharazu ya ce shi a duniya bai ga masu doguwar gaisuwa kamar Katsinawa ba sai da ya je Sindi: mutum zai riƙe hannunka ya tambayi gida, da gona, da dabbobi, da hanya, ya koma farko. Ana kiran kowa da Sayin, wato ranka ya daɗe. Da yamma a kawo shayi mai kaurin madara, wani dattijo ya sa sarewa biyu a baki lokaci guda yana busawa. Abincin kam barkono ya yi masa yawa, amma ya ci ya gode. Ya ji kamar yana gidan surukai, kuma haka ya riƙe kansa.

Ranar da aka kai su gona, nan abin ya faru, kuma ko minti biyu bai ɗauka ba. Rake ne ya fi tsayin mutum biyu, a cushe, kore shar, iyakar ganinka. Maigidan da kansa ya karɓi adda ya sare kara guda ya miƙa wa Maharazu. Wallahi yawunsa ya tsinke. Duk manomin rake in ka miƙa masa kara, bakinsa yake fara kaiwa, da haƙori ake sanin rake. Amma ya dubi kansa: babbar riga, ajarak a kafaɗa, ga dattawan gari a tsaye, ga mai ɗaukar hoto. Ya za a yi magidanci, baƙo, ya tsaya gaban masu masaukinsa yana gatsar rake, ruwa na bin gemu, yana tofar da tuƙa a gabansu kamar yaron tasha? A ce mutanen Najeriya ba su da tarbiyya? Sai ya jinjina karan a hannu, ya shafa shi, ya ce Masha Allahu, ya miƙa wa na kusa da shi. Da suka koma zaure aka matse raken a inji, aka sa lemun tsami da citta, aka kawo a kofin gilashi. Ya kurɓa, ya lumshe ido. Zaƙin har ƙwaƙwalwa.

Ba wanda ya yi masa ƙarya, a faɗi gaskiya. Su mutanen Tando sun san raken inji suke nomawa, bai zo musu a rai ba cewa akwai wanda zai haye teku ya ɗauka na sha ne. Shi kuma bai tambaya ba, don a Gangara rake guda ne, wanda ake sha. Ya roƙi 'yan gaɓoɓi, aka ba shi da murna. Ya naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhu, ya tura ƙasan adaka, ya iso da su gida idanunsu ba su mutu ba.

Da ya dawo, kai, ba a magana. Duk zancen da aka ɗauko, ko na kaciya ne, sai ya ce a Tando ba haka ake yi ba. Har abokan wasansa suka sa masa Na-Tando, shi kuwa daɗi yake ji. Ya shuka gaɓoɓin a gefen fadama, ya kewaye da ƙaya kamar mai tsaron zinariya. Suka tsiro, suka yi tsayin da ba a taɓa gani ba a Gangara, mutane na zuwa kallo har daga garin Kusa. Shekara ta zagayo, ya sare duka ya mayar ƙasa. Matarsa Salmatu tana da ciki a lokacin, ta roƙe shi gaɓa guda ta ɗanɗana, ya ce kowace gaɓa gona ce, ta sha na Baba. Lado ya biyo wata rana ana sara, ya ce shi fa ya ga adda tana tsalle a jikin raken nan. Maharazu ya ce ai ƙarfin iri ke nan, mai sayar da fetur me ya sani? Shi kansa ya hana wa bakinsa, yana ganin tattali yake yi. Shekara biyu rake yana gonarsa, yana kwana yana tashi da shi, bai san ɗanɗanonsa a haƙori ba.

A shekara ta uku sabon iri ya isa ya cika fadama. Kamar kullum ya kai wa tsoho karan farko na tsohon iri. Nagoggo, wanda a lokacin idonsa ya tafi gaba ɗaya, ya ɓare da sauran haƙoransa, ya tsotsa, ya yi hamdala, ya sa masa albarka. Bayan haka wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya zo ya ce duk abin da ke tsaye yana so. Maharazu ya sayar. Aka sare aka loda, saura gindin rijiya.

Salmatu ta ce masa, "Malam, ka bar kusurwar nan. Mi ta ci maka?"

Ya ce mutanen kamfani sun ce ba a gauraya iri, kuma wurin da ya fi ruwa shi ya kamata a ba raken da zai ciyar da gida, ba na tsofaffi ba. Ta ce to ya faɗa wa Baba tukuna. Ya ce zai faɗa masa in ya ga amfanin, don tsoho ba ya gane abu sai ya taɓa. Bai tsaya nan ba. Don kada gyauro ya fito ya ɓata masa sabon iri, sai ya sa aka tone saiwoyin kaf, aka tara aka cinna wuta. Aiki ya yi mai kyau, irin na mutumin da ya ga duniya. Ko ɗaya bai bari ba.

Kamfani kuwa, an zo an kafa turaku, an dasa allo a bakin hanya, shi ke nan. Allon ya yi tsatsa, awaki suka samu inuwa. Allah Dino wa'adin aikinsa ya cika, ya zo ya yi sallama da hawaye ya koma ƙasarsu. Maharazu bai damu ba. Ya ce in inji bai zo ba, ai bakin iyaka yana nan, mutanen da suka yi rububin ɗan siririn raken Nagoggo me za su yi in sun ga wannan?

Da rake ya nuna, Maharazu ya tsallake ubansa, bai kai masa karan farko ba. Ya san da tsoho ya taɓa zai gane ba nasu ba ne, don haka ya ce bari ya fara kai kasuwa, ya dawo da labari mai daɗi da turmin yadi. Ranar kasuwar Jibiya ya sauke kaya kusa da inda manyan motoci ke tsayawa, mutane suka taru suna mamakin tsayi. Wanda ya fara saye Ɗantala ne, wani direban Maraɗi da ya yi shekara da shekaru yana shan na gidansu. Ya karɓa, ya kai baki, ya gatsa. Ya sauya gefe ya ƙara gatsawa. Sai ya cire, ya tofar da yawu, da jini a ciki.

Ya ce, "Maharazu, wanga rake ne ko gora? Ina na tsoho?"

Aka yi dariya. Wani ya gwada, ya ce a kai wa masu rufin ɗaki. Maharazu ya yi ta maza, ya ce haƙoransu ne na banza. Amma ya zari kara guda ya zagaya bayan wata mota inda ba kowa, ya kai baki. Ɓawon kamar ƙarfe. Da ƙyar ya ɓantari ɗan guntu, ya tauna, sai zare, ruwan yana can ciki ya ƙi fitowa sai an sa inji. Zaƙin yana nan, wannan dai na Tando. Ya tsaya da karan a hannu, abin da ya faɗo masa a rai ba kasuwa ba ce, wutar da ya cinna a gindin rijiya ce.

Kada wani ya ɗauka labarin talauci ne. A'a. Daga baya ya sayo injin matsa daga wajen Zariya, irin wanda doki ke juyawa, ya riƙa dafa mazarƙwaila, kuma raken Tando ya ba da ita fiye da kowane. Da ita ya yi gidan kwano, da ita ya je Makka, da ita aka san shi. In don abin duniya ne, tafiyar ta biya shi. Shi dai bai taɓa jin daɗin a yaba masa ba.

A makonnin da suka biyo bayan ranar kasuwar nan bai zauna ba. Ya bi maƙwabta gida-gida, ko akwai wanda ya ajiye tsohon iri, kowa ya ce ai tun shekarar farin nan nasu ya tafi, a wajenku muke sa ran samu. Ya je Kusa. Ya tsallaka Ɗan Isa, ya kai Madarumfa, ya nemo ɗan kasuwar da ya saya a Maraɗi. Mutumin ya yi dariya ya ce rake na bara? An sha an tofar. Wani ya ce ya taɓa binne gaɓa biyu a bayan gida, tumaki suka cinye. A gida kuma kullum tsoho yana tambayar Salmatu, shin bana rake bai nuna ba ne, ya ji motoci suna wucewa da na wasu. Ita kuma ta gaji da cewa sai an jima.

Ƙarshe Maharazu ya je Katsina ya zaɓo rake mafi taushi a cikin wanda ake kawowa daga kudu, fari, mai kama da nasu. Wannan ma wauta ce, kuma ya sani. Ya durƙusa ya miƙa. Nagoggo ya shafa karan daga sama har ƙasa, ya shinshina, ya sa haƙori sau ɗaya, ya ajiye a gefen tabarma.

Ya ce, "Wanga baƙo ne. Ina namu?"

Nan Maharazu ya faɗa masa duka, kansa a ƙasa: sayarwar, da tonon, da wutar, da abin da ya faru a kasuwa. Tsohon bai katse shi ba. Da ya gama sai ya tambaya ko gaɓa ɗaya ba ta rage ba. Ya ce ko ɗaya, Baba. Sai tsohon ya ce a ɗora shi a jaki a kai shi fadama.

Rabonsa da fadamar tun idonsa na gani. Maharazu ya riƙe shi har gindin rijiya. Tsohon ya miƙa hannu ya kama karan Tando, ya matsa, ya ƙwanƙwasa da farce, ya saki. Sai ya durƙusa da bayan nan nasa da ba ya lanƙwasuwa, ya shiga lalube ƙasa da tafin hannu, yana tura yatsu cikin laka, yana matsawa gaba kaɗan-kaɗan, ko wani gyauro ya ɓuya. Maharazu yana tsaye yana kallo, ya san ba abin da zai samu, don shi ya tsaya a kan masu tonon. Ya kasa ce masa ya bari. Sai da tsohon ya zagaye rijiyar, sannan ya zauna ya goge hannu a riga.

Ya ce, "Can ƙasar da ka je, da suka ba ka shi, ba ka sa mashi haƙori ba?"

"Ban sa ba, Baba."

"Don mi?"

"Akwai manya a wurin. Kunya na ji."

Sai Nagoggo ya ce, a hankali, ba faɗa a muryarsa, "Ka kyauta, haka na koya maka. Ka ji kunyar mutanen da ka kwana biyu gidansu." Ya ɗaga hannu yana neman kafaɗar ɗansa. "Tawa ce ba ka ji ba. Mai da ni gida."

Bai ƙara maganar ba. Bai zage shi ba, bai kai ƙararsa wajen Lado ba, in ya gaishe shi yana amsawa, har albarka yana sa masa. Maharazu ya sha gaya wa Salmatu cewa da ma dukansa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Tsohon ya ƙara shekara guda a duniya. Da rake ya sake nuna, motoci suna ta wucewa ta bayan gida, Maharazu ya riƙa zuwa gaisuwa da safe yana zama ya daɗe, yana jiran ko za a tambaye shi karan farko, ko don ya samu abin da zai ba da haƙuri a kai. Tsohon sai ya tambayi yara, ya tambayi doki, ya ce Allah ya yi albarka, ya juya fuskarsa bango.